Sanin Asali da Tsaron Asusu: Jawabi ga Malaman Jega, Aliero da Maiyama



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wani batu da ba a saba ganinsa cikin abubuwan da taronmu ke tattaunawa ba. Galibi idan muka haɗu, zancen ƙarin girma ne, da kuɗin hutu, da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Duk wannan gwagwarmaya ce ta ganin kuɗi ya shiga asusun malami. Abin da za mu duba yau shi ne abin da ke faruwa bayan ya shiga: ko zai kwana a ciki har mai shi ya kai ga auno hatsi, ko kuwa wani da bai taɓa riƙe alli ba zai riga shi. Za mu ɗauko zancen daga nesa, daga ƙasashen Turawa, muna roƙon a yi haƙuri da mu, domin hanyar gida za ta biyo da mu.

A Amurka da Turai akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce taimaka wa mutum ya gano asalinsa. Mutum zai buɗe asusu a shafinsu na intanet, ya rubuta sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa da na kakanninsa, da garin da aka haifi kowa da shekarar haihuwarsa. Wasu kamfanonin kuma su aiko masa da 'yar kwalba ya tofa yawu a ciki, su auna ƙwayoyin halittarsa, su ce masa kaza daga cikin jininka na Afirka ta Yamma ne, kaza na Turai, ga kuma wane a birni kaza da kuka haɗa kaka. Kada mu yi musu dariya. Baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda aka kwashi kakanninsu a zamanin cinikin bayi aka raba su da sunayensu da garuruwansu, da yawansu ta wannan hanya suke laluben bakin zaren. Aikin da tsohuwa ke yi mana kyauta a tsakar gida, da wanda maroƙi ke yi ranar biki, shi na'ura ke yi musu, su biya.

Ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, MyHeritage, mai hedikwata a Isra'ila, ya sanar a ranar 4 ga Yuni 2018 cewa an sace adireshin imel na mutum fiye da miliyan 92 daga cikin masu hulɗa da shi, haɗe da kalmominsu na sirri, ko da yake waɗannan a dagule suke yadda ba a karanta su kai tsaye. Abin da muke so a lura da shi shi ne ranar da aka yi satar, wato 26 ga Oktoba 2017. Wata bakwai da 'yan kwanaki kayan na hannun wasu, mai kaya bai sani ba, sai da wani mai bincike daga waje ya ci karo da su ya kai masa labari. A wannan fage, ashe, ana iya yi maka sata a kaka, ka ji labari da damina.

Na biyun ya fi wannan ban tsoro, kuma ya fi kama da halin da muke ciki. Kamfanin 23andMe na Amurka, mai gwajin yawu, ya tabbatar a Oktoba 2023 cewa an shiga asusun mutanensa. Masu kutsen ba su fasa ƙofar kamfanin ba. Abin da suka yi shi ne tattara adireshin imel da kalmomin sirri da aka riga aka sace daga wasu shafuka a shekarun baya, suka riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya, tamkar ɓarawon da ya tsinci ƙullin makullai yana bin ƙofofin unguwa. Duk wanda ya sa kalmar sirri guda a wurare da yawa, sai ƙofarsa ta buɗe. Asusun da suka buɗu ta wannan hanya kimanin 14,000 ne kacal. Amma shafin yana da wani sashe da ke nuna wa mutum danginsa na jini, su ma ya nuna musu shi. Ta cikin waɗannan ƙofofi 14,000 aka kwashi bayanan mutum kimanin miliyan 6.9. Malaman lissafi su raba mana: kowace ƙofa guda ta tona asirin mutum kusan 500. Mafi yawansu makullinsu lafiya lau yake, ba su yi sakacin komai ba, illa dai sun haɗa jini da wanda ya yi. An kwashi sunaye, da shekarun haihuwa, da garuruwa, da bayanin wane ɗan uwan wane ne. Da aka fito da kayan kasuwa kuwa, sai aka ware jerin Yahudawa daban, na 'yan asalin ƙasar Sin daban. Wanda ya san abin da rabe-raben ƙabila ya taɓa jawowa a ƙasar nan ba sai an yi masa dogon bayani a kan haɗarin irin wannan jeri ba.

Da farko kamfanin ya ɗora laifin a kan mutanensa, ya ce su suka maimaita makulli. Daga baya ya tilasta wa kowa ƙara mataki na biyu na tsaro, abin da ya kamata ya yi tun kafin ɓarna. A Satumba 2024 ya amince ya biya diyyar dala miliyan 30, hukumar kare bayanai ta Ingila ta ci shi tarar fam miliyan 2.31 a Yuni 2025, kuma tun a Maris 2025 ya shiga kotu ya ce ya karye. Nan ne wata tambaya ta taso wadda ba wanda ya yi tunaninta ranar da yake tofa yawu: idan kamfani ya karye aka yi gwanjon kadarorinsa, bayanan jinin mutane suna cikin kadarorin ko kuwa? Suna ciki. Har babban lauyan jihar Kalifoniya ya fito ya tunatar da jama'a cewa suna da ikon neman a goge nasu. Kalmar sirri ana canza ta cikin minti biyu, amma sunan uwa da ranar haihuwa da jinin jiki, waɗannan da su za a kai mutum kushewa.

To, wani zai ce, mu ina ruwanmu? Wa ya aika yawu Amurka daga Sabiyal ko Andarai? Gaskiya ne. Sai dai mu ma muna da namu rumbun asalin, kuma ba da zaɓinmu muka shiga ba. Ku tuna takardar da muka cike ta neman lambar ɗan ƙasa, wato NIN: sunanka, sunan mahaifi, sunan mahaifiya, garin asalin kowannensu, wanda zai tsaya maka idan wani abu ya faru, hotonka, da zanen yatsunka goma. Ku tuna BVN da bankuna suka fara a 2014. Ku tuna Disamba 2020 da aka ce a haɗa kowane layin waya da NIN, da dogayen layukan da muka bi a rana. Tun 2021 kuma yaro ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai da ita. Abin da Bature ya ba kamfani don sha'awa, mu mun ba da shi don dole, kuma an ɗaure shi da asusun da albashinmu ke shiga.

Wannan rumbu ma ya yi yoyo. A Maris 2024 wata kafar binciken labarai mai suna FIJ ta bankaɗo wani shafi, XpressVerify, da ke sayar da bayanan NIN ga duk wanda ya biya. A Yuni na wannan shekara ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin, AnyVerify, da ke sayar da bayanan NIN da BVN da lasisin tuƙi da sauransu a kan naira 100. Don kada a ce ƙage ne, ƙungiyar ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanai, Vincent Olatunji, a wannan farashi. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta, ta kuma gargaɗi jama'a da su guji irin waɗannan shafuka. Mu dai ba alƙalai ba ne. Ko ta ƙofa kayan suka fita, ko ta taga, ko wani da aka ba amanar makulli ne ya ara wa abokinsa, sakamakon ɗaya ne ga malamin da ke aji uku a Kimba. Idan takardar minista naira 100 ce, nawa za a sa wa tamu?

Akwai kuma yoyon da mu da kanmu muke huda shi. A Yuli 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan dubban matasa da ke yawo suna sayen NIN da BVN daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su kai wani wuri su sayar. Da waɗannan bayanai ake buɗe asusu da sunan talaka, a riƙa wucewa da kuɗin damfara ta ciki. Ranar da bincike ya biyo sawu, ƙofar da za a ƙwanƙwasa ita ce ta mai sunan. A ƙauyukanmu irin wannan yakan zo ne da rigar tallafi: a ce a kawo lamba da hoto za a ba da taki, ko jari, ko kuɗin rage raɗaɗi. Mutanen ƙauye kuwa, idan takarda ta zo, wa suke kai wa ya duba musu? Malam. Saboda haka abin da muka sani ko muka jahilta a wannan fage ba a kanmu kaɗai yake tsayawa ba.

Mu mutane ne masu alfahari da asali, kuma ba mu zo mu ce a daina ba. A ƙasar Gwandu muke, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, shi da ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a hannunsu. Ɗan Jega idan ya ce garinsu na Buhari ɗan Abdussalami ne, ya san abin da yake faɗa. Idan baƙo ya zo neman aure, kafin a tambayi abin da yake samu sai an tambayi ɗan gidan wane ne. Wannan ɗabi'a ta gina mana amana: wanda ya san sunan kakanka, ka ɗauke shi na gida. To a nan ne ɗan damfara ya yi mana kwanton ɓauna. A da, wanda ya san sunan mahaifiyarka, ko dai ɗan uwa ne ko maƙwabci na shekara ashirin. Yau yana iya zama wani yaro ne a wani gari da ba ka taɓa zuwa ba, ya saye shi da kuɗin da bai kai na ƙosan karin kumallo ba. Iyayenmu ma, in an lura, sun daɗe da sanin nauyin wannan suna. Ba banza ba ne da yawa ba sa furta shi a bainar jama'a, kuma kowa ya san abin da boka ke fara tambaya idan an kai masa sunan mutum. Banki ya zo daga baya ya mai da shi tambayar tsaro, mu kuma muka bi muna rubuta shi a kowace takarda.

Ga yadda kiran ke zuwa. Waya za ta yi ƙara ana gab da biyan albashi. Mai kiran zai yi sallama cikin ladabi, da Hausa mai kyau, domin kwanakin da ake gane ɗan damfara da gurɓatacciyar Hausa sun wuce. Zai kira cikakken sunanka, ya faɗi ranar haihuwarka, ya faɗi bankinka, wataƙila har da sunan mahaifiyarka. Sai ya ce an sami matsala a BVN ɗinka, albashinka zai maƙale, amma yanzu za a turo maka wasu lambobi, ka karanto masa ya gyara. A nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi tambayar da muke koya wa yara a darasin fahimta: me marubucin yake nufi? Duk abin da ya faɗa maka, abin da ya riga ya mallaka ne. Abin da ya roƙa, shi ne abin da ya rasa. Dogon bayanin nan da ladabin nan duk shimfiɗa ce domin waɗannan 'yan lambobi. Babu bankin da ma'aikacinsa ke da hurumin tambayarka lambar da aka turo maka, ko lambar sirrin katinka, ko lambobin da ke jikin katin. A kashe wayar. In zuciya ba ta kwanta ba, a hau mashin a je bankin da ƙafa. Kuɗin mai ya fi sauƙi a kan albashin wata.

Irin wannan kira yana da ƙane, shi kuma WhatsApp yake nema. Za a ce daga ƙungiya ne, ko daga masu shirya bita, za a yi taro ta waya da yamma, an turo maka lamba shida ta shiga taron, ka karanto. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da zarar ka faɗa, an fitar da kai daga gidanka an shiga. A nan labarin 23andMe ya dawo mana sak. Ƙofa guda ta buɗe, amma a bayanta akwai zauren malaman makaranta, da zauren reshe, da na 'yan ajinku na kwalejin ilimi, da na zuri'ar gidanku inda aka jera sunayen jikoki da hotunansu. Cikin sa'a guda saƙo ya isa ga mutum ɗari da sunanka da hotonka: an kwantar da yaro a asibiti, a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe. Waɗanda za su fara turawa su ne waɗanda suka fi ƙaunarka.

Maganin wannan yana cikin wayar, kuma kyauta ne. A cikin saitin WhatsApp, a sashen asusu, akwai wurin da ake sa lambar sirri ta biyu mai lamba shida, wadda kai ka zaɓe ta, ba turo maka ake yi ba. Wanda ya sa ta, ko an yaudare shi ya faɗi ta farko, ɓarawo zai tarar da ƙofa ta biyu a kulle. Facebook da imel su ma suna da irin wannan mataki. Ba ya cin minti biyar.

Na gaba shi ne layin wayar kansa, kuma a ganinmu shi aka fi sakaci da shi. Mutum zai kulle fuskar wayarsa da zanen yatsa ya ji ya gama. Ɓarawon da ya zare waya a cunkoson kasuwar Jega, ko a tashar lodin albasa a Aliero, ba ruwansa da fuskar waya. Zai cire layin ya sa a wata 'yar ƙaramar waya, duk saƙon banki ya koma hannunsa. Ku tuna cewa *565*0# na nuna BVN, *346# na nuna NIN, kuma layin ba ya tambayar wanda ya danna. Shi ya sa ake sa wa layi lambar sirri tasa ta kansa, yadda duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar kafin ya yi aiki. Gargaɗi ɗaya: wanda ya yi kuskure sau uku layin zai kulle, sai da wata lamba ta musamman da ke jikin katin da layin ya zo a ciki. Don haka wanda bai san lambar asali ta layinsa ba, kada ya yi ta kame-kame, ya je ofishin kamfanin a nuna masa.

Maganar kalmar sirri kuwa, gajeriya ce. Kada ta zama shekarar haihuwa, ko ƙarshen lambar waya, ko sunan ɗan fari, ko da kuwa kunya ta hana a furta shi, domin yana rubuce a takarda. Doguwa ta fi gajeriya mai sarƙaƙiya: kalmomi huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna sun fi wuyar ganowa, sun kuma fi sauƙin tunawa. Kowane asusu da tasa, musamman imel, domin ta cikinsa ake sake makullin sauran. Wanda ke tsoron mantuwa ya rubuta a ɗan littafi ya kulle a akwati a gida. Wannan ya fi a ajiye a cikin wayar da ake yawo da ita, ya kuma fi a rubuta a bayan katin banki, abin da har yanzu masu POS ke gani kullum. Idan shafin intanet ya ce ka zaɓi tambayar tsaro, kamar sunan mahaifiya ko makarantar da ka fara, ba dole ne amsar ta zama ta gaskiya ba. Wani zai ji kamar ƙarya ce. Ba shaida kake bayarwa ba, makulli kake ƙerawa, kuma makullin da duk 'yan unguwa suka san siffarsa ba makulli ba ne. Wannan bai shafi takardun banki da na gwamnati ba, inda gaskiya ta wajaba. Masu imel kuma suna iya duba shafin Have I Been Pwned, wanda wani masani ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013. Idan ka sa adireshinka zai nuna maka ko yana cikin waɗanda aka taɓa sacewa.

Idan kuma abin ya riga ya faru fa? Abokin gaba na farko a wannan sa'a ita ce kunya. Malami ne, shi ake kawo wa wasiƙa ya karanta, yaya zai ce an yaudare shi? Sai ya yi shiru har kwana biyu, alhali ɓarawon minti talatin yake buƙata. Kowane banki yana da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu; mutum ya tambayi bankinsa tun yanzu, ya rubuta, ya ba matarsa ko mijinta ko babban ɗa. A rufe asusu tukuna, sannan a je a rufe layi a karɓi sabo da tsohuwar lamba, sannan a sake shiga WhatsApp, wanda hakan ke fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa lambar ta biyu, za a jira kwana bakwai, amma shi ma yana waje. Kafin duk wannan ya kammala, a ari wayar maƙwabci a kira mutum biyu ko uku su shelanta a zauruka cewa kada kowa ya tura kuɗi. Ƙorafi ga banki a yi shi a rubuce a karɓi shaida, domin idan banki bai warware ba, galibi bayan mako biyu, ana iya ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, kuma ba sa sauraron wanda ba shi da shaidar ya fara kai kuka bankinsa.

Ga iyalanmu da wannan takarda za ta isa hannunsu, akwai wani abu mai nauyi. Idan Allah ya karɓi ran ɗayanmu, wayarsa takan koma hannun yaro, ko a jefa ta a akwati. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yakan sake sayar da shi ga wani. Idan ba a je banki an sanar da rasuwar ba, saƙonnin asusun mamaci sai su riƙa sauka a wayar baƙo, daidai lokacin da ake jiran haƙƙinsa ya fito. Dukiyar marayu ce. A riƙe layin da rai, a hannun babba, har a gama da banki da ofishin fansho.

Sai amanar da ke wuyanmu a matsayin malamai. Rajistar aji ƙaramin littafin asali ce: sunan yaro, sunan uba, unguwa, ranar haihuwa, lambar wayar mai riƙo. Yau sai a ɗauki hoton shafinta a jefa a zaure don a sauƙaƙa aiki, daga nan kuma ba wanda ya san inda za ta kwana. A shagunan kwamfuta inda ake yi wa yara rajistar jarrabawa, sau nawa ake tashi a bar imel a buɗe, a bar hoton takardar haihuwa a kan na'ura? Mu kanmu, duk lokacin da aka ce za a tantance ma'aikata, mukan yi fotokwafin takardar ɗaukar aiki, da ta albashi, da NIN, da BVN, kofi uku-uku. Waɗanda suka lalace a bar su a shagon. Waɗanda aka karɓa kuma, bayan an gama, ina suke zuwa? Kowa a nan ya taɓa sayen tsire ko ƙosai a cikin takardar da ke ɗauke da sunan wani da hotonsa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafi ƙungiya. A Yuni 2023 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce wanda ya karɓi bayananka sai ya gaya maka dalili, kada ya karɓi fiye da buƙata, kada ya riƙe fiye da lokacin buƙata, kuma ya tsare su. Idan aka sace su ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, sai ya sanar da hukumar cikin sa'a 72. Bayanan yaro kuma, inda ake buƙatar yarda, sai da yardar iyaye ko mai riƙo. Doka ce mai kyau a takarda. Amma malami guda da ke tsaye a layin tantancewa, albashinsa na hannun wanda ke karɓar takardun, ba zai iya buɗe baki ya ce ina za ku kai su ba. Reshe yana iyawa. Kamfanin nan na Amurka ya so ya ce laifin na masu maimaita makulli ne kaɗai, hukumar Ingila ta ce a'a, wanda aka ba ajiya shi ma yana da nasa kason. Mu ma kada mu yarda a bar mana nauyin duka.

Don haka muna gabatar wa shugabanni buƙata biyu. Ta farko, duk lokacin da za a sake tantance malamai, reshe ya rubuta tun da wuri yana neman a bayyana waɗanne takardu ake buƙata da dalilin kowace, wa zai riƙe su, da yadda za a yi da su bayan an gama, kuma a daina neman a turo irin waɗannan takardu ta zauren WhatsApp. Ta biyu, a kowace ƙaramar hukuma daga cikin ukun nan a zaɓi malamai biyu, namiji da mace, waɗanda hannunsu ya faɗa da waya, su zagaya makarantu lokacin tara, su zauna da abokan aiki ɗaya bayan ɗaya a sa waɗannan makullai. Mun ce har da mace ne domin akwai malamai mata, da matan malamai, da ba za su miƙa wa namiji wayarsu ba, kuma suna da gaskiya. Sharaɗin aikin shi ne mai taimakon ya nuna wurin, ya kau da kai, mai waya ya danna lambarsa da hannunsa.

Waɗanda wayarsu ke kusa, kada su tashi bayan addu'ar rufe taro. Za mu tsaya a bakin ƙofa na rabin sa'a, mu fara da WhatsApp.